Ranar da Auduga Ta Sa Farce

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗa da bakina kafin Yaya ta riga ni. Ni hannun mutum nake fara kallo kafin fuskarsa, sau da yawa ma a hannun nake tsayawa. Akwai matar da ta yi shekara biyu tana aiki a ƙarƙashina, muka haɗu a asibiti ta gaishe ni, ban gane ta ba sai da ta miƙa wa nas kati na ga tabon ƙuna a babban yatsanta.

Aiki ne ya mai da ni haka. Shekara goma sha ɗaya ina manajan gidan gyaran jiki na yayata, inda mata ke zuwa a yi musu tausa, a turara musu fuska, a murje musu kaushi. Ban taɓa wuce shuɗin labulen da ya raba gaba da ciki ba. Nawa ofis ne, da ɗakin tawul, da kantar karɓar kuɗi, sai kuma layin safe.

Layin safe shi ne mulkina. Tara saura minti biyar ma'aikata su jeru da fararen rigunansu, kowacce ta miƙo tafin hannu sama. In na hango farce ya leƙo ta bayan tsokar yatsa, abin yankan farce yana aljihuna. Doka ta huɗu ke nan. Ni na rubuta ta, ni na kai aka sa mata leda, ni na kafa ta a bango: ba farcen roba, ba jan farce, ba zobe, ba agogo. Wadda ta zo da farcen roba ta koma gida mako guda. Wadda ta yi musu ta koma gaba ɗaya. Wannan wutsiyar ta ƙarshe Yaya ce ta ɗaura.

Ba mugunta ba ce. Shekarun baya wata ma'aikaciya ta tsaga wa matar wani babban mutum kunci da farcen roba, farcen kuma ya ɓalle ya nutse a kwalbar man fuska, sai a goshin kwastoma ta gaba aka gan shi. Zagin da na sha ranar, har yau in na tuna kunnena sai ya ɗauki zafi.

To mutumin da ke da wannan doka, da sanƙo, da shekara arba'in da bakwai, da mata a kabari shekara shida, shi ne ya je ya faɗa son ma'aikaciyarsa.

Auduga ake ce mata. Kwastomomi ne suka sa mata sunan, wai in ta ɗora maka hannu sai ka ji kamar an lulluɓe ka da ita. Ni dai ban taɓa ji ba, labari nake sha. Shekararta talatin da huɗu, aurenta ɗaya ya mutu, tana zaune da mahaifiyarta. Shekara tara tana layin safe, ban taɓa ciro mata abin yankan farce ba. Yatsu gajeru, farata a yanke tas, tsoka ta yi laushi saboda mai. Su na fara so. Fuskar daga baya na gano ita ma ba laifi.

Mako uku kafin ranar da nake ba ku labari, na same ta a ɗakin tawul na faɗa mata abin da ke raina. In za a bi gaskiya, tawul na faɗa wa, don shi nake kallo. Ta ci gaba da ninke tawul har na fara neman hanyar cewa wasa nake yi.

"Manaja, ka ba ni lokaci," ta ce. "Ranar da na yanke shawara, da ƙafata zan zo in same ka."

Kafin azahar Yaya ta ji. Gidanmu ba a ɓoye magana, don muna da mai karɓar kuɗi a kanta da ake kira Rediyo, ita kuwa batirinta ba ya mutuwa.

Yaya ta shigo ofishina ta maido ƙofa da ƙafa.

"Matan duniya sun ƙare ne?"

"Yaya, zauna mana."

"A kujerar da na saya za ka ce in zauna? Na ɗauko ka daga shagon sayar da fenti, na ba ka ofis mai fanka, shi ne za ka saka min da auren mai murza ƙafafun mutane?"

"Ƙafafun ne suka sayi fankar ai."

"Ka ga irinta ko! Tun ba a je ko'ina ba ta koya maka mayar da magana. Gobe ka jera su a layi, matarka na ciki, wa zai ji tsoronka? Ka dubi kanka a madubi, ga su nan mun cika gida da su. Shekara shida ina kawo maka mata na mutunci, wannan ka ce doguwa, waccan ka ce tana dariya da ƙarfi. Ashe a ɗakin tawul zuciyarka take!"

Ta kama hannun ƙofa, sannan ta juyo.

"Ba zan kore ta ba, kada a ce na yi zalunci. Amma ranar da ta taka doka ko da ta tsinke ce, kai da bakinka za ka sallame ta. In ka kasa, ku tafi tare."

Can gidan su Auduga ma ba a shimfiɗa min tabarma mai kyau ba. Sau ɗaya na je. Mahaifiyarta ta dubi kaina, ta dubi takalmina, ta sake duban kaina, ta ce, "Ɗanka ka zo nema wa?"

Ita tana da nata gwanin. Tsallaken titinmu akwai shagon sa farce, mai shi wani ne da ake kira Ƙyalƙyali. Shekara talatin da biyar, suma cike da kai kamar ya aro ta wasu ya haɗa, turare tun daga bakin kwalta. Shi ke kai wa tsohuwar maganin ciwon gwiwa, yana ce mata Mama da wata murya kamar ana matsa masa ciki. Sana'arsa kaf ita ce liƙa wa mata abin da ni nake cirewa. Ko ba Auduga a tsakani, ni da shi ba za mu sha shayi a kofi ɗaya ba.

Ranar Litinin da yamma, muna shirin rufewa, Rediyo ta leƙo ofis tana goge gefen kantar da ba ta da datti.

"Oga, ba gulma ba."

"To ki riƙe abarki."

"Na riƙe. Dama cewa zan yi Auduga tana tashi ta tsallaka titi. Awa biyu ke nan tana shagon Ƙyalƙyali. Hannunta cikin nasa. Yana hura mata yatsu."

"Yana me?"

"Hurawa, Oga. Da baki. Ga injin busarwa a gefe, amma shi da baki yake yi."

Na ce mata wannan ba huruminmu ba ne, kowa da rayuwarsa. Na faɗa cikin natsuwa irin ta manya. Sannan na kulle ofis da makullin ɗakin tawul, na yi minti biyar ina zagin kwaɗon.

Washegari tun takwas ina wurin. Ban karya ba. Tara saura minti biyar suka jeru su shida, na bi tafin hannu ɗaya bayan ɗaya ba tare da na ga komai ba. Sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Hannu na gani a kan marfin gilashi. Farata biyar dogaye, ja kamar an tsoma su a jini, kowanne da ɗan dutse mai walƙiya a tsakiya. Ɗaya hannun ya biyo baya da nasa biyar ɗin, riƙe da 'yar jaka. Na san yatsun. Shekara tara ina duba su.

Na nuna mata layi da yatsa.

"Shiga layi," na ce.

"Ina kwana, Manaja. Dama..."

"Kwanan ke nan kika gani. Shiga layi."

"Manaja, yau fa..."

"Yau me? Yau aka soke doka? Miƙo hannu!"

Ta shigo layi. Sannan ta ajiye jakar a saman kantar, ta miƙo su a hankali, tafi sama, yadda ta saba. Faratan suka zarce yatsun kamar cokula.

"Mene ne wannan?"

"Farce ne."

"Na ɗauka ƙahon rago ne. Da wannan za ki taɓa fuskar mutane? Ko tausar yau da wuƙa za a yi ta?"

Wata daga ƙarshen layi ta yi tari. Rediyo ta ɗaga yatsa daga bayan kanta.

"Oga, ai ita yau..."

"Ke kuma in na sake jin muryarki sai na cire miki batir! Ba ke kika kawo labarin ba?"

Rediyo ta nutse bayan kanta, sai ɗankwalinta ake gani.

Auduga ta sauke murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ka dube ni, Manaja. Don Allah ka ɗago ka dube ni."

"Na duba abin da aka ɗauke ni in duba. Ya hura miki su da kyau? Sun bushe?"

Ta ɗan janye hannuwan kamar na ɗana mata wuta. Na ga haka, kuma Allah ya gani na ji daɗi, irin daɗin da mutum ke ji in ya sosa ƙurji.

"A gaban mutane?" ta ce. "A gaban yaran da ni na koya wa riƙe tawul za ka faɗa min wannan?"

"A gabansu kika shigo da shi."

"To ba zan cire ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan cire ba! Hannuna ne. Ba a kantarku na same shi ba, ba kuma Yayarka ce ta saya min ba."

Shuɗin labule ya motsa. Ashe Yaya tana ciki tun ɗazu. Ta fito tana gyara mayafi, fuskarta a sake kamar wadda aka yi wa albishir. Ba ta dubi Auduga ba. Ta je bango ta ƙwanƙwasa ledar doka da bayan yatsa, daidai kan wutsiyar da ta ɗaura.

"Ni ban ce komai ba," ta ce. "Gida yana da manaja."

Ido goma sha huɗu a kaina, har da na Rediyo da suka leƙo ta saman kanta. Ina iya cewa a je ofis a yi magana. Ina iya cewa kowa ya kama aikinsa. Mutum mai hankali yana da hanyoyi da yawa a irin wannan wuri. Ni kuwa ta cikin gilashi na hango Ƙyalƙyali ya fito ƙofar shagonsa yana taje suma.

"Kin yi musu," na ce. "Ki kwashe kayanki."

Injin turara fuska yana ta huci a ciki shi kaɗai.

Ta ɗauki jakarta ta nufi ɗakin tawul, inda akwatunan ma'aikata suke. Na ba ta minti biyu, sannan na bi ta, wai don in karɓi makulli. Na same ta tsaye gaban akwatinta tana fama da ɗan kwaɗo. Faratan sun hana ta kama makullin. Sau uku yana faɗuwa.

"Kawo in buɗe miki."

"Kada ka taɓa!"

Ta durƙusa tana lalubar makullin a ƙasa, farata na ƙarar tsiya a kan siminti, sai kawai ta zauna a wurin ta fashe da kuka. Ba irin kukan da ake yi don a gani ba. Irin wanda ke fita da majina.

"Shekara tara," ta ce. "Shekara tara ban makara ba. Ranar da aka sallamo ni daga gidan miji, da safe na zo na tsaya a layinka. Ka duba hannuna ka ce ya yi. Ba ka ga idona ya kumbura ba."

"Wannan daban..."

"Ka san abin da Yayarka ta ce min? Ranar da ka gama yi wa tawul jawabi, ta kira ni bayan labule. Ta kama hannuna ta juya shi kamar tana zaɓen kifi. Ta ce, 'Wannan dungulmin za ki miƙa wa danginmu? Hannun da ya gama bin tsakanin yatsun ƙafar mutane?' Na yi dariya, don aikina nake so. Na je gida na zauna ina kallon su har aka kira magariba."

Ban san wannan ba. Na buɗe baki, fushi ya riga hankali fita.

"Shi ne kika kai wa Ƙyalƙyali ya gyara."

"Shagon farce nawa ne a titin nan? Ka nuna min wani! Ko kai za ka sa min? Kai da ba ka san komai ba sai yankewa?"

"Awa biyu, Auduga. Yana hura miki yatsu."

"Ya hura! Na ce ya bari, ya ƙi, na taka masa ƙafa. Rediyo ba ta ba ka wannan ba? Awa biyu yana min magiya, yana cewa Mama ta riga ta amince, me zan yi da tsoho mai duba farce kamar ɗan sanda. Na ce masa tsohon bai taɓa ɗaga min murya ba." Ta ja hanci. "Ka ga yadda ka gaskata ni."

Na tsaya riƙe da tawul ɗin da ban san lokacin da na ɗauka ba.

"A gida Mama ba ta bar ni na ci abinci cikin daɗi ba mako uku. Da safe Ƙyalƙyali, da rana Ƙyalƙyali. Ta ce in na auri mai sanƙo, jinya zan je yi. Ta yi kuka, ta ce so nake ta mutu da ciwon gwiwa. Jiya na ce mata ta yi haƙuri. Ta juya min baya, har na fito yau ba ta amsa gaisuwata ba. Duk na shanye. Na ce sau ɗaya a rayuwata bari in shigo gidan nan da hannu irin na matan da nake yi wa aiki, in tsaya gaban Yayarka, in faɗi abin da na zo faɗa."

"Me kika zo faɗa?"

Ta ɗago. Ina jin ta ɗago, don muryar ta canja wuri. Ni ina kallon dutsen da ke kan ɗan yatsanta, ya karkace, manne bai kama shi sosai ba. Aikin Ƙyalƙyali ke nan, ko liƙi bai iya ba.

"Yanzu kake tambaya?"

"Auduga, ki gane matsayina. Ko me kika zo da shi, doka doka ce. Da kin cire su kafin ki shigo aiki, da duk..."

"Aiki," ta ce.

Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka, ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu don cikin ba ya shafuwa.

"Aiki. Allah sarki. Wallahi Mama ta fi ni gani."

Ta bar akwatin a kulle. Ta tura makullin da ƙafa har gaban takalmina.

"Ka buɗe da kanka. Riga ce fara da silifas. Ka ba wadda za ta gaje ni, in hannunta ya yi maka. Maganar da na zo da ita kuma, da ƙafata na kawo ta, da ƙafata zan mayar."

Na biyo ta har bakin kanta. Ma'aikata suka dare. Yaya tana zaune a kujerar kwastomomi tana duba waya, ko kai ba ta ɗaga ba. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Ta cikin gilashi na ga Auduga ta tsaya bakin titi tana jiran motoci su wuce, na ga Ƙyalƙyali ya cusa matajin a aljihu ya tako da sauri yana ɗingishi da ƙafar da aka taka. Ya ce mata wani abu. Ta kawar da kai. Amma da ya miƙa hannu ya karɓi jakar, ba ta hana ba.

"Kowa ya kama aiki!" na daka tsawa, ko da yake kowa ya riga ya kama.

Na shiga ofis na zauna ƙarƙashin fankar Yaya. Zuciyata na tafasa, ina ta jera wa kaina hujjoji, kuma duk sun tsaya da ƙafarsu. Doka ce. Ni na rubuta. In na ɗaga wa ɗaya, gobe shida za su zo min da ƙahoni. Ko alƙali aka kai wa maganar nan, ni zai ba gaskiya.

Rediyo ta turo ƙofa da shayi, ta ajiye nesa da ni kamar mai ba kare abinci.

"Oga, in yi magana ko batirin?"

"Yi."

"Koriyar rigar nan da ta sa, sabuwa ce. Tun wancan makon ta kai ɗinki. Har da ɗan kunne."

"Wace koriyar riga?"

Rediyo ta dube ni yadda ake duban marar lafiya, ta fita ta ja ƙofa a hankali.

Na jawo fayil zan rubuta takardar sallama. Ƙa'ida ce a sa lambar dokar da aka taka, a kwafe ta kalma da kalma. Na ɗaga kai na fara kwafa daga bango. Layin farko, wanda na yi shekaru ban karanta ba saboda na haddace na ƙasa, cewa ya yi: "Duk ma'aikaciyar da ke bakin aiki."

Gefensa jadawalin mako yake, da sa hannun Yaya a ƙasa. Na bi layin Auduga da biro.

Talata ranar hutunta ce. Da hannuna na rubuta.